Babi na Shida: Cefalu, da Sanin Lokacin Zuwa

Ƙarfe biyu da rabi na rana jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Cefalu, ana sauran kwana biyu watan Agusta ya raba tsakiya. Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma har yau ban manta da ita ba. Shaguna duk an ja ƙofofinsu na ƙarfe har ƙasa, tagogin gidaje a rufe ruf. Duwatsun da aka daɓe titi da su suna huro wa mutum zafi ta tafin takalmi. Da na leƙa bakin teku ban ga yashi ba, sai laima jere bayan jere iya ganin ido, mutane kwance a ƙarƙashi kamar an shanya su. Mai ɗakin da na kama ya aiko mini da saƙo cewa ba zai fito ba sai ƙarfe biyar. Na sami dakalin wani gida na zauna, a inuwar da ba ta kai taku biyu ba, raina a ɓace, ina tunanin ko wannan ne garin da na yi watanni ina tara wa kuɗi.

Shi ne kuwa. Garin na zaɓa daidai, wata da sa'a na kuskure. Bayan shekara biyu na koma a makon ƙarshe na Satumba, na iso da hantsi, sai na ga abin da ya sa ake zuzuta shi.

Cefalu yana gaɓar arewa ta tsibirin Sisili, wanda littattafan Larabci ke kira Siƙilliya, kimanin kilomita 70 gabas da birnin Palermo. Bahaushe ba ya shan wahalar sunansa, domin harafin "c" na farkonsa yadda muke furta shi a "ciniki" haka su ma suke furtawa. A dai ɗora nauyin murya a gaɓar ƙarshe. Mazauna garin ba su wuce dubu 14 ba. Wani ƙaton dutse mai tsayin kusan mita 270 ne ya tsaya a bayansa, ya matse shi zuwa bakin ruwa, har gidajen layin ƙarshe ginshiƙansu a cikin teku suke, shanyarsu na lilo a saman igiyar ruwa. Daga siffar wannan dutse, da ke kama da kai, Girkawan dā suka raɗa wa wurin suna. A tsakanin dutse da ruwa hasumiyoyi biyu na babbar majami'ar garin suka ɗaga sama da kowane rufi. Wannan ne hoton da ke yawo a intanet, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da hoto ba ya faɗa shi ne a wane wata aka ɗauke shi, da kuma ƙarfe nawa.

Lokacin zafin Turawa bai dace da bazararmu ba. Mu namu zafin a Maris da Afrilu yake, nasu kuwa yana kamawa ne daga Yuni zuwa Satumba, muna tsakiyar damina. Tsakiyar wannan lokaci a Italiya ita ce ranar 15 ga Agusta, wadda suke kira Ferragosto, hutun da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Augustus na tsohuwar daular Rum. A makonnin da ke kewaye da ita ofisoshi da masana'antu da yawa suna rufewa, mutanen Milan da Turin da Roma su kwararo bakin teku da 'ya'yansu da kakanninsu. Kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabo, gidan abinci sai da ajiye wuri tun da safe, layin da mutum uku ke cika shi sai ya ɗauki ɗari. Ga zafi. Bahaushen da ya sha rana a Sakkwato ko Damagaram zai iya cewa wannan wasa ne, amma zafin bakin teku mai gumi ne, yana manne wa jiki, kuma idan iskar da suke kira shirokko ta taso daga Sahara, takan zo da ja-jan ƙura da hucin da muka sani sarai. Ranar 11 ga Agusta 2021, a kusa da Sirakusa da ke kudu maso gabashin wannan tsibiri, ma'auni ya nuna digiri 48.8, mafi tsananin zafin da aka taɓa rubutawa a nahiyar Turai.

Matsalar mai iyali ita ce dogon hutun makarantunmu yana faɗawa ne daidai kan Agusta. Wanda ba shi da 'yan makaranta, ya nufi Yuni ko rabin Satumba na biyu. A Yuni rana doguwa ce, gari bai gaji ba tukuna, sai dai ruwan teku da sauran sanyi. A Satumba ruwan ya sha rana wata uku, ya yi ɗumi, makarantun Italiya sun koma a tsakiyar wata, farashi ya fara sauka. Ni Satumba na fi so. Mai yara kuwa, ya ja tafiyar zuwa kwanakin ƙarshe na hutu, farkon Satumba, domin ko mako guda ka ba Ferragosto baya za ka ji bambanci a aljihu da numfashi. In kuma Agustan ce dole, to a zaɓi farkonta don a ribaci wani abu: daga 2 zuwa 6 ga wata garin ke bikinsa na shekara, kuma a ranar ƙarshe ake kafa wani dogon gungume da aka shafe da sabulu da maiƙo, a miƙa shi daga matsayar jiragen ruwa zuwa saman teku, samarin masunta su riƙa bi ta kansa ba takalmi don cafko tutar da ke ƙarshensa, suna zamewa suna faɗawa ruwa, gari duka na ihu.

Hausawa kan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. A maganar biza, kowanne ana bukata. Italiya na cikin ƙasashen Shengen, kuma doka ta yarda a miƙa takardu tun ana sauran wata shida tafiya. Wanda yake son Satumba, ya fara neman ranar ganawa tun watan Maris ko Afrilu, saboda samun ranar ne ya fi wuya idan lokacin hutu ya matso. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofishin jakadanci a Yamai. Tun daga Yunin 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, kuma ba a mayarwa ko an hana. Ana son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Abin da jami'in ke nema a cikin tarin takardun nan guda ɗaya ne: hujjar cewa za ka koma gida. Don haka kada a bari wani ɗan kamasho ya zuba wa asusu kuɗin aro ana gobe za a buga bayanai, irin wannan kuɗi da ya faɗo daga sama shi ya fi jawo tuhuma. Kuma kada a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai biza ta shiga hannu. Na san magidancin da ya yi asarar kuɗin mako guda na iyali biyar a kan wannan, kuma abin ya daɗe yana yi masa ciwo.

Babu jirgin sama kai tsaye daga ƙasashenmu zuwa Palermo, sai an sauya sau ɗaya ko biyu. Daga filin jirgin Palermo akwai jirgin ƙasa zuwa babbar tashar birni, daga nan kuma wani ya bi gaɓar teku ya kai ka Cefalu cikin kamar awa guda. Zauna ta hannun hagu, ɓangaren ruwa. Idan tikitin takarda ka saya, buga masa hatimi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce, kuma rashin sani ba ya fid da kai. Mota kuwa ban ba da shawarar ɗaukar hayarta ba ga wanda Cefalu kaɗai ya nufa. Tsakiyar garin yanki ne da aka hana baƙin motoci shiga, kyamarori na ɗaukar lamba, takardar tara ta bi mutum har gida bayan watanni.

Wajen masauki akwai zaɓi biyu. Otal-otal na sabon gari, bayan doguwar hanyar bakin teku, suna da lifta da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakunan haya na tsohon gari sun fi daɗin zama, amma yawancinsu a bene na biyu ko na uku suke, matakalarsu ƙunci da tsaye. Mai tafiya da tsohuwa ko mai ciwon gwiwa ya tambayi yawan matakala kafin ya tambayi kuɗi. Ya tambayi sanyaya ɗaki, ya tambayi ko tagar na kallon layin gidajen abinci, domin a can hira ba ta mutuwa sai bayan sha biyun dare. Kowane mai masauki zai karɓi fasfo ya rubuta, doka ce ta ɗora masa sanar da 'yan sanda baƙinsa, kuma akwai ɗan harajin kwana da ake biya a kan kowane mutum. Ni na fi son ɗaki mai madafa, saboda dalilin da zan zo kansa.

Kwana nawa? Masu shirya yawon buɗe ido na kawo mutane a bas su yi awa uku su wuce. Wasu kuma sukan tsara mako guda da gari biyar, kullum suna ɗaure kaya suna kwancewa, su dawo gida a gajiye fiye da yadda suka tafi. Sunan abin hutu. A ba Cefalu kwana biyar, a bar biyu a cikinsu ba tare da an rubuta komai a kansu ba.

Yinin garin yana da tsarinsa, kuma wanda ya bi shi ya huta. A ƙarshen Yuni alfijir na ketowa wajen ƙarfe huɗu, rana ba ta faɗuwa sai takwas da rabi, lisha ta wuce goma. Agogonsu kuma a wannan lokaci yana gaba da namu da awa guda. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, saɓanin yadda muka saba. Bayan sallar asuba kada a koma barci. Daga shida zuwa tara garin na masu shi ne: masunta na gyaran koma a tsohuwar matsaya, mai gidan burodi ya buɗe, yashin bakin teku wayam. Wannan ne lokacin da iyalin da ke jin nauyin cuɗanya da masu ƙananan tufafi za su shiga ruwa a natse, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa tun daga gida, cewa da rana bakin tekun Turai ba irin shigarmu ake yi ba. Ruwan nan ba ya zurfi da sauri, yana da kyau ga yara, amma wanda bai iya iyo ba kada ya wuce ƙugu, in kuma an ɗaga jar tuta kada ya shiga sam. Mafi yawan yashin an yanka shi ga masu hayar laima da kujera, amma akwai ɓangarorin da kowa ke shimfiɗa zanensa kyauta.

Da sassafen ne kuma ake hawa dutse, da ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa. Ana biyan kuɗin shiga. A rabin hanya akwai wani gini na manyan duwatsu da ya girmi Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, a ƙoli kuma kufan ganuwa. Daga can rufin garin jajaye suke kamar an baza barkono a tabarma. Ƙarfe ɗaya zuwa huɗu kowa ya shige gida, kai ma ka shige, ƙailula ce irin tamu. Da la'asar sakaliya gari ya farka. Tsofaffi su fito da kujeru ƙofar gida, iyalai su yi ado su riƙa kai da komo a babban titin Corso Ruggero ba don sayen komai ba, don a ga juna a gaisa. Abincin dare ba ya farawa sai takwas.

Akwai wani wuri da na koma masa kullum. A kan layin da ke bin bayan gidajen bakin ruwa, wata matakalar dutse ta lanƙwasa ta gangara ƙasa. Kana sauka sanyi na tarbarka. A ƙasa tsohon wurin wankin garin ne: kwamaye na dutse a jere, kowanne da shimfiɗaɗɗen dutsen cuɗa tufafi da ya yi sulɓi saboda hannayen mata na ƙarnoni, ruwa na zubowa ta bakunan ƙarfe masu siffar kan zaki, ya bi ta ƙarƙashin wani ɗan rami ya faɗa teku. Ƙoramar daga tsaunukan bayan gari take fitowa, sanyinta har ƙashi ko a Agusta. Matan garin sun yi wanki a nan har cikin ƙarni na 20. Na tsoma hannuna, na tuna da iyayenmu mata a bakin rafi, da dutsen da kowace ta san nata.

Abinci shi ne inda Musulmi zai buɗe ido. Kifi ya wadata, kuma shi ne mafita: taliya da sadin, gasasshen kifi mai dogon baki kamar takobi, taliya da tumatir da soyayyen baƙin yalo, da wani soyayyen ƙulli na garin wake da suke kira panelle, ɗan'uwan ƙosai. Da zafin rana akwai granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara da lemun tsami. Naman alade a bayyane ba shi ne abin tsoro ba, ana ganinsa. Abin da ke ɓuya shi ne kitsensa, strutto, wanda a al'adar Sisili ake sawa a wasu burodi da ɓawon kayan zaƙin nan cannoli, wani lokaci har da ɗan giya a kwaɓin. Dunƙulen shinkafar da ake soyawa, arancina, cikinta kan zo da naman da ba ka san asalinsa ba. Kalmomi uku sun isa: maiale alade, strutto kitsensa, vino giya. Ka sa "senza" a gaba, wato "ban da". Ban taɓa tambaya an yi mini kallon banza ba. A takardar kuɗi kuma za ka ga coperto, ɗan kuɗin zama a tebur, ba cuta ba ce.

Majami'ar ta cancanci awa guda, a shiga da kafaɗa da gwiwa a rufe. Sarki Roja na Biyu ne ya aza harsashinta a 1131, kuma zanen da ke can ƙuryarta, na ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, an kammala shi a 1148. A 2015 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da gine-ginen Palermo da Monreale, a ƙarƙashin sunan da ya haɗa Larabawa da Normawa, wato mutanen Sarki Roja. Wannan haɗin ne ya sa na zaɓi Cefalu a kan garuruwan bakin teku na arewacin Italiya. Rundunar Musulmi da ta sauka Sisili a 827 alƙalin Ƙairawan ne ya jagorance ta, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik, kuma littafinsa ne tushen Mudawwanar Sahnun. Palermo ta shiga hannunsu a 831, Cefalu a 858, suka riƙe shi kusan shekara 200. Duk almajirin da ya kai Muhtasar a zaure ya san malamai huɗun da Shehu Halil ya ware wa alamomi a farkon littafi. Biyu daga cikinsu, Ibn Yunus da Maziri, nasabarsu ga wannan tsibiri take komawa. A fadar wannan Roja da ya gina majami'ar ne Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci Gana da Gawo da Kanem. A ƙarshen 1184 kuma matafiyin Andalus, Ibn Jubairu, yana dawowa daga aikin Hajji jirginsu ya fashe a Messina, ya biyo gaɓa ya yada zango a Cefalu, ya rubuta cewa ya tarar da kasuwanni da gonakin inabi da wata jama'ar Musulmi, da kagara a kan dutse. Dutsen da ka hau da safe ke nan.

A ware rana guda ta Palermo, in da hali Juma'a, domin can ne masallatai suke. A nan dalilin madafa ya shigo: a kasuwar Ballaro akwai mahautan halal, da shagunan 'yan Afirka masu doya da manja da busasshen barkono. Ina tsaye a gaban wani mahauci ina magana a waya, sai wani saurayi da ke yanka nama a bayan kanta ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Daga ina?" Hausarsa ta zangon Kumasi ce. Ya biyo ta Agadas da Libiya, ya sauka Lampedusa, ɗan tsibirin da a gabansa jirgi ya nutse da mutum fiye da 360 ranar 3 ga Oktoban 2013. Mun yi hira tsakanin mai saye da mai saye. Na ce masa a Cefalu na sauka, na tambaye shi ko ya taɓa zuwa, tun da awa guda ce.

"Ban je ba, Alhaji. An ce akwai kyau." Ya yi shiru yana goge wuƙa. "Ni dai har yanzu ba na son kallon ruwan nan."

Na rasa abin cewa, sai na yi masa addu'a, ya shafa. Ya zaɓo mini kafaɗar rago, ya ƙara tsoka biyu bayan an auna, ya naɗe cikin takarda ninki biyu. Ya duba agogo ya ce in hanzarta kada jirgin yamma ya wuce ni, kuma da na isa in sa naman a firji, saboda zafi.